Likita Ya Ce Sai an Yi wa Ɗiyata Aikin Ƙashin Baya, Mahaifinta Ya Ce A'a

Wannan wasiƙa ta zo daga Daura. An taƙaita ta, an kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan ɗiyata ta fari, mai shekara 13, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare. Bara, gab da ƙaramar Sallah, telarmu ta gyara mata riga har sau biyu saboda gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, daga ƙarshe ta ce mini laifin ba na ɗinki ba ne, in duba bayan yarinyar. Da dare na sa ta cire riga ta duƙa, sai na ga haƙarƙarinta na dama ya taso, na hagu ya kwanta. Mun je asibiti a Katsina, aka tura mu Kano, aka yi hoto, likita ya ce ƙashin bayanta ya karkace da digiri 43, mu dawo bayan wata huɗu. Ba mu koma ba, domin surukata ta ce a gwada na gida tukuna. Maɗori ya yi ta ja yana dannawa, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Bayan wata takwas muka koma, hoto ya nuna 54, likita ya tambaya ko ta fara al'ada, na ce ba ta fara ba, sai ya ce aiki ne kawai ya rage, za a sa mata ƙarfe a baya.

"Maigida ya ce ba wanda zai taɓa lakar ɗiyarsa, domin ya san wani da aka yi wa aikin baya bai sake taka ƙafarsa ba. Ya ce tana tafiya lafiya, ba ta kukan ciwo, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hajiya kuwa cewa take wa zai auri mace da ƙarfe a jiki, kuma ta yaya za ta haihu. Kuɗin aikin miliyoyi ne. Yarinyar ta daina cire hijabi ko a ɗaka, bana ko kallon Hawan Magajiya ta ƙi zuwa, domin 'yan ajinsu suna ce mata mai doro. Ni kuma kullum ina zargin kaina, saboda ni na riƙa sa ta goyon ƙannenta da ɗaukar ruwa tun tana ƙarama. Ina da ɗan fili da na gada. Shin in sayar in kai ta a yi aikin ko da bai yarda ba?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya ba ɗiyarki lafiya, ya kuma saka wa telar nan da alheri, domin ta ga abin da mutanen gida ba su gani ba, kuma ba ta yi shiru ba. Kafin mu je ga maganar fili da ta maigida, bari in fara sauke miki kayan da kika ɗora wa kanki, tunda mai zargin kansa ba ya iya tsayawa ya yi tunani mai kyau. Goyo bai karkatar da bayan ɗiyarki ba, haka tulu ko jarka, haka jakar makaranta da irin zaman da take yi. Wannan lalura, wadda likitoci suke kira sikoliyosis, karkacewa ce ta ƙashin baya zuwa gefe tare da murɗewa, kuma murɗewar ce take tura haƙarƙari ya taso a gefe ɗaya, kamar yadda kika gani da ta duƙa. A kusan kashi 80 cikin 100 na masu ita ba a samun wani dalili da za a nuna a ce shi ne, sai dai an lura tana bin dangi a wasu gidajen. Tana samun yara biyu zuwa uku a cikin kowane 100 a shekarun balaga, har a ƙasashen da yara ba su taɓa ɗaukar ruwa a ka ba, kuma mai tsananin ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Rashin lurarki da wuri ma ba sakaci ba ne, domin yarinyar da ta kai wannan shekaru ta daina tuɓewa a gaban uwarta, hijabi da zumbulelen riga suna rufe komai, ga shi lalurar ba ta cika zuwa da ciwo ba. Saboda wannan bin dangi, ki sa ƙannenta da suka kai shekara 9 ko 10 su duƙa ki duba bayansu, kamar yadda kika yi mata.

Game da wata takwas da kuka yi a wajen maɗori, ba zan ce miki bai kamata a koma da wuri ba, domin ya kamata. Amma ki san cewa ranar da aka fara auna ta, ta riga ta kai bakin iyakar da rigar roba mai tauri, wadda likitoci suke sa wa yara don tallafe baya, take amfani. Wannan riga ana ba yaran da suke cikin girma ne waɗanda karkacewarsu take tsakanin digiri 25 zuwa 40 ko kaɗan sama da haka, kuma aikinta tsayar da ƙashin kada ya ƙara tafiya, ba ta miƙe abin da ya riga ya lanƙwashe. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka buga a 2013, ya nuna kashi 72 cikin 100 na yaran da suka sa rigar ba su kai digiri 50 ba, a waɗanda aka zuba wa ido kawai kuwa kashi 48 ne suka tsira. Yaran da aka yi binciken a kansu suna tsakanin digiri 20 ne zuwa 40, ɗiyarki kuwa ta zo da 43, ga sauran girma mai yawa a gabanta. Akwai yiwuwar ko da kun koma a wata na huɗu, nan ɗin dai za a iso. Ina faɗa miki wannan ne don kada maganar ta zama abin jifan juna tsakaninki da surukarki, domin za ki buƙace ta nan gaba kaɗan.

Lambobin nan biyu, 43 da 54, su ne ginshiƙin maganar. Ana samun su ne ta hanyar auna kwanar da take tsakanin gaɓar ƙashin da ta fi karkata a sama da wadda ta fi karkata a ƙasa a jikin hoton da aka ɗauka mutum yana tsaye, hanyar da wani likitan Amurka mai suna John Cobb ya bayyana a 1948. Likitoci biyu za su iya saɓawa da kamar digiri 5 a hoto ɗaya, amma ƙarin digiri 11 a wata takwas ya wuce kuskuren awo. Tambayar al'ada da likita ya yi miki ma tana da dalili: yarinya ta fi saurin tsawo a lokacin da take gab da fara al'ada, kuma a wannan lokacin ne karkacewar take gudu, sannan girman yakan lafa cikin kamar shekara biyu bayan ta fara. Ke nan ɗiyarki tana tsakiyar lokacin da ƙashin ya fi saurin tafiya. Daga digiri 45 zuwa 50 ne likitocin ƙashin baya suke fara maganar aiki, saboda an daɗe da gano cewa karkacewar da ta wuce 50, musamman a sashen ƙirji, ba ta tsayawa ko bayan an gama girma, tana ci gaba da kamar digiri ɗaya a shekara.

A nan dole in ba maigidanki gaskiyarsa. A jihar Iowa ta Amurka an bi masu wannan lalura da ba a yi wa aiki ba har tsawon shekara 50, aka buga sakamakon a 2003, kuma an same su sun rayu, sun yi sana'o'insu, sun tara iyali. Abin da suka fi sauran mutane shi ne ciwon baya da damuwa da siffar jiki, sannan waɗanda karkacewarsu ta ƙirji ta haura digiri 80 sun fi fama da haki da ƙarancin numfashi, saboda haƙarƙari yana matse huhu. Saboda haka wanda ya ce miki ɗiyarki za ta mutu ko ta shanye idan ba a yi aikin nan da wata ɗaya ba, tsorata ki yake yi. Amma ki lura da inda take: tana 54 tun tana shekara 13, ba ta gama girma ba, kuma ƙashin yana tafiya da sauri. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a ga inda za ta iya kaiwa tana shekara 16, balle tana 40. Idan kuwa ta kai 80 ko 90, ƙashin ya sandare, aikin yakan fi tsawo, ya fi zubar da jini, ya fi hatsari ga lakar da mahaifinta yake karewa, ya kuma fi tsada, gyaran da za a samu bai kai na yanzu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganina shawarar likitan tana kan hanya, kuma lokacin da kuke da shi na watanni ne, wanda ya isa a yi shawara a tsanake amma bai isa a jingine maganar har wata shekara ba.

Ya kamata ki san abin da ake yi a ɗakin tiyata, domin yawancin tsoron mutanenmu daga kalmar laka yake tasowa. Laka tana cikin wani kwararo ne a tsakiyar ƙashin, kuma ba yanka ta ake yi ba. Ana sa yarinya barci, a kwantar da ita rub da ciki, a tsaga tsakiyar baya, a ɗaura kusoshi masu zare a jikin gaɓoɓin ƙashin da suka karkace, sannan a haɗa su da sanduna biyu na ƙarfe na musamman, galibi taitaniyam ko wani gamin ƙarfe da ba ya tsatsa, waɗanda ba su kai kaurin fensir ba. Da waɗannan sanduna ake jawo ƙashin a hankali a warware murɗewar, a zuba ɓarɓashin ƙashi a tsakanin gaɓoɓin, domin su manne su zama ƙashi ɗaya cikin wata shida zuwa shekara. Aikin yakan ɗauki awa huɗu zuwa shida, kuma yawanci ana rage karkacewar da fiye da rabi, har yarinya ta tashi ta ɗan fi da tsawo. Wannan hanya ba sabuwa ba ce: tun wajen 1960 likita Paul Harrington na Amurka ya fito da sandar farko, wadda ya fara gwadawa a kan yaran da shan inna ya lanƙwasa, a shekarun 1980 likitocin Faransa biyu, Cotrel da Dubousset, suka inganta ta, har aka zo kan kusoshin da ake amfani da su yau. Ƙarfen yana zama a jiki har abada idan bai kawo matsala ba.

Hatsari akwai shi, kuma kada ki ɓoye wa maigida. A irin wannan karkacewa ta 'yan shekarun balaga, taɓuwar laka ko jijiya tana faruwa ga ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 a hannun ƙwararru, wasu daga cikinsu ma sukan farfaɗo. Ƙwayar cuta takan shiga rauni ga ɗaya ko biyu cikin 100, ana iya buƙatar ƙarin jini, kuma wasu ƙalilan sukan koma tiyata daga baya saboda kusa ta goce ko ƙashin bai manne ba. Mutumin da maigidanki ya sani kuwa, sai a tambaya me ya kai shi asibiti. Mafi yawan waɗanda muke gani sun kwanta bayan aikin baya, hatsarin mota ne ko faɗuwa ya riga ya murƙushe lakarsu, ko tarin tibi ya cinye ƙashin, ko ƙari ya danne ta, tun kafin likita ya ɗauki wuƙa. Mutane sukan tuna aikin su manta da abin da ya jawo shi. Yarinya mai ƙoshin lafiya da za a shirya wa aiki a tsanake ba ajinsu ɗaya da waɗannan ba.

Yanzu ga tambayarki. Kada ki kai ta a ɓoye, kuma kada ki sayar da filin yanzu. Aiki irin wannan ba kaciya ba ce da za a yi da safe a dawo da yamma. Za a buƙaci masu ba da jini, da mai jinya dare da rana, da watanni na lallaɓawa a gida, kuma idan wani abu ya faru, ko da ƙaramin zazzaɓi ne, ke kaɗai za ki ɗauki laifin a gaban danginsa, ɗiyarki kuma ta girma da tunanin cewa bayanta ne ya raba iyayenta. Mutumin da ya ce ba za a taɓa lakar ɗiyarsa ba, tsoro ne yake magana a bakinsa, kuma tsoron nan daga soyayya yake. Na kuma lura, daga yadda kika rubuta, kamar ke kika shiga wajen likita, shi labari ya ji daga bakinki. Akwai kuma maganar kuɗi, wadda maza da yawa sukan fi son su ce ba su yarda ba a kan su ce ba su da hali. Saboda haka kada ki nemi ya amince da aiki a yanzu. Ki nemi abu ɗaya mai sauƙi: ya bi ku Kano ya zauna gaban likita, a ɗora hotunan biyu gefe da gefe a jikin fitila, ya ga 43 da 54 da idonsa, ya yi duk tambayar da yake so. Gani ya kori ji. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban Hajiya ko yara ba, ki ce masa, "Malam, ni ma tsoron da kake ji shi nake ji, shi ya sa nake so kai ka yi wa likitan tambayoyin da ni ba zan iya ba." Idan ya ƙi, ki nemi wansa ko amininsa ko limamin unguwa, wanda kika san yana jin maganarsa, ki nuna masa hotunan, ki roƙe shi ya yi masa rakiya.

Tambayoyin da zai yi su ne za su kare ɗiyarku, kuma sun fi muhimmanci a kan sunan asibitin. Ya tambayi likitan sau nawa yake yin wannan aiki na gyaran karkacewa a shekara, domin ba kowane likitan ƙashi ne yake yin sa ba. Ya tambaya ko akwai na'urar da take bibiyar saƙon laka da jijiyoyi a duk tsawon aikin, wadda take gargaɗi tun kafin a yi ɓarna. Idan babu, ko ana yin gwajin farkarwa, wato a ɗan sassauta barcin ana tsakiyar aiki a ce yarinya ta motsa yatsun ƙafa. Ya tambaya daga wace gaɓa zuwa wace za a haɗe, da ko akwai ɗakin kulawa ta musamman da ma'ajiyar jini, da ko ana buƙatar hoton MRI, wato hoton da yake nuna laka da jijiyoyi, kafin aiki don a tabbatar babu wata matsala a lakar kanta, da kuma wa zai biya idan aka sake komawa tiyata. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma ba ya jin haushi idan kun ce za ku ji ta bakin likita na biyu. Ku karɓi hotunanku da takardunku ku riƙe a hannu. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina zai iya ba ku takardar turawa, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana cikin tsofaffin asibitocin ƙashi na ƙasa tare da na Igbobi a Legas da na Inugu, ga kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A wajen ƙasa, kusa da Akara ta Gana akwai asibitin FOCOS, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya kafa, aka buɗe a 2012, kuma ya shahara da wannan aiki a Afirka ta Yamma. Masu zuwa Masar da Indiya ma suna da yawa, sai dai ki yi hattara da dillalan da suke karɓar kuɗi tun kafin wani likita ya ga hoton, kuma ki tuna duk inda aka yi aikin, sai an sami likita a kusa da zai ci gaba da duba ta.

Hajiya kuma tambayoyinta na kaka ne mai hangen nesa, kuma suna da amsa. Ƙarfen yana ƙarƙashin tsoka a jikin ƙashin baya, bai kusanci mahaifa ba, bai taɓa ƙashin ƙugu da jariri yake bi ba. Matan da aka yi wa wannan aiki suna ɗaukar ciki, suna haihuwa da kansu kamar sauran mata. Abin da kawai ake so shi ne su sanar da masu awo, domin allurar baya ta kashe zafi takan yi wuyar yi idan haɗin ya sauko ƙasa sosai. Abin da zai rage a waje tabo ne siriri a tsakiyar baya, wanda riga take rufewa, saɓanin tudun haƙarƙari da hijabi ma yakan kasa ɓoyewa idan ya girma. Ruku'u da sujada ma za ta yi su, domin yawancin duƙawar mutum daga ƙugu take da gaɓoɓi biyar na ƙasan baya, kuma idan karkacewar ta ƙirji ce likitoci suna ƙoƙarin barin na ƙasan a sake, shi ya sa na ce a tambayi inda haɗin zai tsaya. Ki je wa Hajiya da ladabi, kada ki ce maganinta ya ɓata lokaci. Ki ce an yi na gida, Allah bai nufa ta nan ba, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Addu'a da sadaka da tofi su ci gaba, ki ma roƙe ta ta jagoranci wannan ɓangare. Amma ja da danna da tsaga su tsaya daga yau. Maɗori ya san karaya da targaɗe, nan kuwa babu abin da ya karye ko ya goce da za a mayar, ƙashin ne yake girma a murɗe, kuma tsaga a fatar baya tana iya barin rauni a daidai inda likita zai bi.

Akwai mutum ɗaya da kowa yake magana a kanta amma ban ji an tambaye ta ba. Yarinyar da ta daina cire hijabi a ɗakin uwarta, ta ƙi fita kallon dawaki ranar da duk Daura take waje, tana ɗauke da abin da ya fi digiri 54 nauyi, kuma tabbas ta ji ana cewa za ta shanye, ta ji ana cewa ba mai aurenta, domin gidajenmu ba su da sirri ga kunnen yaro. Ki zauna da ita ke da ita, ko kina yi mata kitso ne, ki gaya mata sunan lalurar, ki gaya mata ba laifinta ba ne, ba aljani ba ne, kuma akwai dubban 'yan mata irinta. Ki tambaye ta me ta fi tsoro, ki bar ta ta gama magana. Ranar ganin likita ta shiga, ta ga hotonta, ta yi tambayarta, domin ita za ta kwanta a gadon, ita za ta daure ciwon makon farko, kuma yarinyar da ta fahimci abin da za a yi mata ta fi saurin tashi. Ki kuma je makaranta ki ga malamar ajinsu a keɓe a kan masu tsokanar nan. Idan kika ga ta daina cin abinci, ko ta daina barci, ko tana maganar gara ba ta raye, wannan ba abin jira ba ne, ki faɗa wa likita nan take. Ina kuma zaton mahaifinta bai san rabin abin da take ciki ba. Idan ta yarda, ki bar shi ya ji daga bakinta.

Maganar kuɗi a fara ta da takarda. Ku nemi asibitin ya rubuta muku kiyasi dalla-dalla, kuɗin kusoshi da sanduna daban, domin su ne suka fi cin kuɗi, na tiyata daban, na gado da jini da magani daban. Idan maigida ma'aikaci ne, ku bincika abin da inshorar lafiya ta tarayya ko asusun taimakekeniyar lafiya na jiha zai ɗauka, ku nemi amsar a rubuce, ko da gwaje-gwaje da gado ne kawai. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ku shiga ku yi bayani. Da wannan takarda a hannu ake tunkarar dangi da masu fitar da zakka, domin mutane sun fi sakin hannu idan sun ga hoto da lissafi. Ku guji yaɗa hoton bayan yarinyar a Facebook ko WhatsApp don neman taimako, hoton ƙashin da takardar asibiti sun isa, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. Filinki haƙƙinki ne, ba wanda zai hana ki sayar da shi, amma ki bar shi ya zama abin cike gurbi bayan an tsayar da rana an san abin da ya rage, kada ki sayar a gaggauce a taya miki da araha, kuma ki faɗa wa maigida a matsayin gudummawarki, ta yadda ba zai ji an nuna masa gazawa ba.

Idan ya ga likita, ya ji na biyu, har yanzu ya ce a dakata, to kada dakatawar ta zama mantuwa. Ku yi yarjejeniya a gaban likitan cewa za a sake hoto bayan wata uku ko huɗu, a kuma auna ƙarfin huhunta, sannan shi da kansa ya faɗi lambar da idan an kai ta zai sa hannu. Motsa jiki a wajen ma'aikatan gashin ƙashi zai ƙarfafa mata baya ya rage gajiya, amma ba zai mayar da 54 baya ba, kada wani ya karɓi kuɗinku da wannan alkawari. Idan kuwa ta fara jin sanyin ƙafa ko rashin ƙarfi, ko fitsari yana kufce mata, ko ciwo yana tashinta da dare, ko haki ya ƙaru, ba a jiran wata uku. Idan hoton gaba ya nuna ƙari kuma ya ci gaba da ƙi, lokacin ne za ki kai maganar ga iyayenki da nasa a zauna, domin neman lafiyar yarinya haƙƙinta ne a kan ku biyun. Ku yi istihara tare kafin nan.

Idan Allah ya sa ya amince, ku nemi ranar ta faɗa farkon dogon hutu, tunda yawanci yara sukan koma makaranta bayan mako huɗu zuwa shida. Kafin ranar a duba yawan jininta da rukuninsa, a tabbatar da matsayinta na sikila, a gina ta da hanta da wake da ƙwai da zogale, kawunnai da baffanni biyu ko uku kuma su shirya ba da jini. Bayan aikin za a tashe ta tsaye a rana ta farko ko ta biyu, kada tausayi ya sa ki hana, tafiyar tana cikin maganin, kuma galibi kwana huɗu zuwa mako guda ake sallama. Ku nemi inda za ku sauka kusa da asibitin har a duba raunin bayan kamar mako biyu, domin hanyar Kano zuwa Daura ba ta sabon ɗinki ba ce. A watannin farko ba duƙawa, ba murɗa jiki, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba hawa babur, salla kuma a zaune a kan kujera har likita ya ba da izni. Idan zazzaɓi ya zo ko raunin ya fara ruwa, kada a ce cizon sauro ne a sayo magani a kemis, a kira asibitin. Sannan abubuwa biyu da ba a cika faɗa a asibiti ba sai an dawo gida a rasa yadda za a yi: ba za ta iya kwanciya a katifar ƙasa ba, kuma ba za ta iya tsuguno a masai ba. Ki sa kafinta ya ɗaga mata gado daidai gwiwa, ya kuma yi mata kujera mai rami a tsakiya da za a ɗora a bayan gida, tun kafin ku tafi Kano.